Tarihin Baba da Karofi, da Makaman da Tsiro Yake Ɓoyewa



TAMBAYA: Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Ɗambatta, wanda yake taɓa fataucin hatsi da rani. Ya ce a bayan garinsu akwai tsohon karofi, ramukan duk sun cike da ƙasa da shara, amma dattawa suna cewa a da nan ake rini har baƙi su zo daga nesa. Tambayarsa kashi uku ce. Ganyen baba kore ne shar, to ina shuɗin yake ɓuya? Me ya kashe sana'ar? Sa'an nan shi kansa tsiron, me yake yi da wannan launi, tunda dai ba riga yake sawa ba?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taku. Tambayar ƙarshen nan da ta yi kama da wasa, ita ce ma ta fi nauyi, domin amsarta ta shafi dawar da ke gonarku da akuyar da ke ɗaure a turke. Amma bari mu soma daga farko.

Rini da baba tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano. Masu marinar Ƙofar Mata a cikin birni suna cewa an kafa ta a 1498, watau ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ko da yake birni ne ya ɗauki suna, yawancin aikin a garuruwan karkara ake yin sa, irin naku. Manomi ya shuka auduga da baba a gefen hatsinsa, mata su kaɗa zare, masaƙa su saƙa, marina su rina, a kai mabuga a buge shi har ya yi ƙyalli, kana fatake su ɗaura wa jakuna da raƙuma. Garin Kura ya yi suna wajen turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, Minjibir kuwa an san ta da saƙa.

Wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda a ƙasar nan aka fi saninsa da Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu ta yamma, har bakin tekun Atlantika. A ƙiyasinsa, Tambutu kaɗai tana karɓar kayan raƙumi 300 a shekara, masu darajar wuri miliyan 60, dukan cinikin tufafin kuwa ya kai wuri miliyan 300. Abin da ya ƙara ba shi sha'awa shi ne, a cikin gidaje ake wannan aiki, iyali da iyali, ba a manyan masana'antu irin na Turai ba. Ke nan ramukan da kuke gani a bayan garinku, da su aka gina wani yanki na arzikin Kano.

To yanzu, ina shuɗin yake ɓuya? Gaskiyar magana, muddin ganyen baba yana jikin uwarsa lafiya lau, babu shuɗi a cikinsa ko kaɗan. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi da masana suke kira indikan. Wani Bature mai suna Edward Schunck ne ya raɗa masa wannan suna a Mancesta ta Ingila a 1855, lokacin da yake bincike a kan wani tsiron Turai mai ba da irin wannan launi. Indikan abu biyu ne a manne, ɗaya sukari, ɗayan kuma shi ne uwar shuni. A cikin ganyen dai akwai wani sinadarin na daban mai aiki kamar wuƙa, amma kowanne da ɗakinsa, ba sa haɗuwa. Da zarar ƙwaro ya gatsi ganyen, ko mutum ya yanke shi ya tara ya daka, sai katangar da ke tsakaninsu ta rushe, wuƙar ta datse sukarin. Abin da ya rage yana shan iska, sai ya kama ɗan'uwansa, su haɗu biyu-biyu, su zama shuni. Shi ya sa kakanninmu suke yanke baba su tara shi ya ruɓa, su daka, su cura, su shanya.

Sai dai akwai sauran aiki, domin shuni ba ya narkewa a ruwa. In kun zuba garinsa a ƙwarya kuka tsoma fari, datti kawai zai yi, wanki ɗaya ya fita. A nan ne gwanintar marini take. Zai cika rami da ruwa, ya zuba shuni da toka da katsi, ya bar shi kwanaki yana motsawa da muciya. Tokar tana sa ruwan ya yi kaifi irin na ruwan kanwa. A cikin wannan ruwa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda suke cin ragowar ganyen, su shanye iskar da ke cikin ruwan, su juya shunin zuwa wata kama mai narkewa, mai launi tsakanin kore da rawaya. Wannan ce take ratsa zare. Idan aka ɗago tufa daga rami za ku ga ta fito kore-kore, tana shan iska sai ta rikiɗe ta koma shuɗiya a gaban idonku, launin kuma ya maƙale a cikin zaren ba ya sake narkewa. A sake tsomawa a sake ɗagowa, haka ake yi har ta yi baƙi ƙirin.

Marini bai taɓa ganin waɗannan halittu ba, amma da wari da kumfar saman rami yake gane ko ya nuna. In rami ya gaji kuma, ba a zubar da laka. A kwashe ta a busar a ƙona, ita ce katsi, a mayar da ita sabon rami. Da katsin nan ne ma, tare da gashin jima da dafara, ake haɗa lason da ake shafe ramin da shi don kada ya tsotse ruwa.

Mu zo ga tambaya ta biyu, me ya kashe sana'ar? Ciwon daga nesa ya taso. A ƙarni na 19 Turawan Ingila suna noma baba mai yawan gaske a Indiya suna sayar wa masaƙun Turai, su kuma Jamusawa suna neman hanyar da za su huta da saye. Wani masaninsu mai suna Adolf von Baeyer ya soma bincike a kan shuni a 1865. A 1878 ya haɗa shi a ɗakin gwaji ba tare da ganye ba, a 1883 kuma ya gano ainihin yadda ginin sinadarin yake. Aka ɗauki wasu shekarun ana neman yadda za a yi shi da araha, har zuwa 1897 da kamfanin BASF ya fito da shi kasuwa, an yi shi daga kwaltar da ake samu a jikin kwal. A waccan shekara, shunin da duniya ta samu daga ganye ya kai tan 19,000. Kafin 1914 ya faɗo zuwa kamar tan 1,000. Shi kuwa Baeyer aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1905.

A nan gida abin bai zo dare ɗaya ba. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Ku da kuke noma a ƙasar da gona take manne da gona kun san darajar kowane taki na fili. Manomi ya ga gyaɗa tana kawo kuɗin haraji da na hidima nan take, sai fegin baba ya soma tsukewa. Jirgin da yake kwasar gyaɗa kuma shi ne yake dawowa da yadin kanti, daga baya har da garin rini na gwangwani da soda, wanda za a kaɗa a tukunya a yi rini yau-yau ba sai an jira rami ya nuna ba. Kasuwar Buzaye ta riƙe marinan Kura shekaru masu yawa, Ƙofar Mata ma tana nan tana aiki da ramuka kaɗan, amma yawancin karofin ƙauyuka sun bi hanyar naku. Abin lura a nan, shunin kamfani ba jabu ba ne, shi ne dai sinadarin da ke fitowa daga ganyen baba, da shi ake rina wandon jins da samarinmu ke sawa. Mu mun san yadda ake fito da shi tun ɗaruruwan shekaru, su kuma suka zauna suka gano abin da yake, sai kasuwa ta koma hannunsu.

Saura tambaya ta uku. Malam, akuya in ta hango kura sai ta ruga, tsiro kuwa inda aka shuka shi nan zai tsaya, ƙwaro ya zo, cuta ta zo, dabba ta zo. Saboda haka bayan abincin da yake haɗa wa kansa, yana kuma haɗa waɗansu sinadarai da suke zame masa makami ko saƙo. Ɗaci da bauri da ƙamshi da dafi da launi, duk daga nan suke. Game da baba, masana suna ganin indikan kariya ce daga ƙwari da cututtuka, tunda ba ya tashi aiki sai an ji wa ganyen rauni. Mu ne muka zo muka mai da garkuwarsa riga.

Haka abin yake ga bagaruwa. Ku tauna kwanson za ku ji baki ya ɗaure. Wannan baurin sinadarin tanin ne, aikinsa kama nama ya ɗaure shi, don haka dabba ba ta jin daɗin cin ɗanye da yawa, ƙwayoyin ruɓa ma ba sa samun shiga. Majema suka gane haka tun tuni, suka jiƙa fata a ruwan bagaruwa, ta daina ruɓa. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme ta wannan hanya ta ƙetare Sahara ta shiga Turai, inda suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can ta bi. Ita ma wannan sana'a ta gamu da kishiya, domin a 1884 wani mai suna Augustus Schultz a Amurka ya fito da jima da gishirin kurom, irin wadda manyan majemun Calawa da Sharaɗa suka ɗauka. Makubar da ake yi da kwanson ɗorawa a shafe katanga ko daɓe, ita ma ƙarfinta daga irin wannan bauri yake.

Jan da ake rina fatar kuwa daga karan dafi yake fitowa, wanda wani nau'in dawa ne. Kun sha ganin jan tabo a ganyen dawa inda cuta ta taɓa. Wannan ja magani ne da dawar take kewaye wurin da shi don kada fumfuna ta yaɗu. Karan dafi dai ya fi sauran dawa tara shi a kuben ganyensa, dukawa suka samu abin aiki.

Amma dawa tana da wani makamin da ya kamata kowane mai dabba ya san shi. A 1902 wasu masana biyu a Landan, Wyndham Dunstan da Thomas Henry, suka binciki ɗanyar dawa da aka kawo daga Masar, inda aka san tana kashe dabbobi, suka samu wani sinadari suka kira shi durin, daga sunan dawa a Larabci. Tarkonsa iri ɗaya ne da na baba: sukari a manne da wani abu, wuƙa tana jira a ɗaki daban. Bambancin shi ne, in an datse sukarin a nan, abin da ke fitowa guba ce mai suna sayanayid, wadda take hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Dangin wannan guba ne a cikin rogo mai ɗaci, shi ya sa ake jiƙa shi a shanya. Durin ya fi yawa a ƙaramar dawa, da gyauron da ya tofo bayan girbi, da dawar da fari ya daka sa'an nan ruwa ya sauka. Dabba ta ci, kafin a jima ta soma haki da makyarkyata, ta faɗi. Dattawan da suke hana sakin awaki a gyauro ba camfi suke yi ba. Kada a bar dabba ta ci dawar da ba ta wuce santimita 60 ba, watau ba ta haura gwiwar babban mutum ba. Karan da ya ƙosa ya bushe haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, ƙwayar hatsin da ta nuna kuma ba ta da wannan matsala. In tsautsayi ya faru, a nemi likitan dabbobi cikin gaggawa, domin abin ba ya jira.

Ba kowane sinadari ne makami ba, wani kira ne. Saiwar dawa da ta gero da ta masara suna fitar da wani abu ɗan mitsitsi cikin ƙasa, kuma shi ne yake tayar da ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Irin ƙuduji kamar ƙura yake, tsiro ɗaya yana zubar da dubbai, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 bai tsira ba, yana jiran ya ji alamar saiwa a kusa. Sa'ad da wani nau'insa ya ɓulla a gonakin masara na Karolaina a Amurka a 1956, sai masanansu suka tashi haiƙan, a 1966 suka ware wannan sinadari daga saiwar auduga suka kira shi sitirigol. Amma aka daɗe ana mamaki, me zai sa tsiro ya kira abin da zai shanye shi? Sai a 2005 masana a Japan suka samo amsa. Ashe kiran na wata fumfuna ce mai amfani da ke zaune a ƙasa, wadda take manne wa saiwa ta taya ta jawo abinci, musamman fosfaras, sinadarin da ke cikin takin supa. Ƙuduji ɓarawo ne da ya koyi sauraron wannan kira.

Daga nan za ku gane abin da kuka daɗe kuna gani da ido. Idan ƙasa ta gaji, dawa tana ƙara ƙarfin kiran, ƙuduji kuma ya ƙara tashi. Idan gona ta sha takin gida da ɗan supa, kiran yana raguwa. Haka kuma auduga da waken suya da gyaɗa suna yin irin wannan kira, ƙudujin dawa ya tsira, ya rasa inda zai kama, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Saboda haka juya shuka yana rage irin da ke kwance. Wanda ya fito kuma a tuge shi kafin ya yi fure a ƙona. Wake yana da nasa ƙudujin daban, kuma a kansa cibiyar binciken noma ta IITA ta yi aiki a gonar gwajinta da ke Minjibir, tare da cibiyar Samaru ta Zariya, har aka fito da iri mai jure masa kamar SAMPEA 10.

Na ƙarshe, darbejiyar da ke ƙofar gidanku. Asalinta Indiya da Bama, zamanin Turawa aka shigo da ita. A 1959 wani Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer ya ga fari sun sauka a Sudan sun cinye kowane kore, amma sun bar darbejiya. A 1968 aka ware sinadarin da ke jawo haka a Ingila, aka kira shi azadiraktin. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci yake yi, ya kuma hana shi saɓa, har ya lalace. Ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan. Akan busar da su a daka, a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma, domin rana tana kashe ƙarfinsa. Ku tambayi malamin gona na KNARDA adadin da ya dace da shukarku, man kuma kada a ba jarirai, yana yi musu illa. Har shari'a aka yi a kan wannan bishiya: wani kamfanin Amurka ya samu takardar mallakar wani maganin fumfuna daga man darbejiya, mutanen Indiya suka kai ƙara cewa sun gaji wannan sani tun kaka da kakanni, ofishin Turai mai kula da irin waɗannan takardu ya soke ta a 2000, ya kuma tabbatar da sokewar a 2005.

To jama'a, Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Baba ya tafi da kasuwarsa, amma gonakinmu ba su ƙare ba. Zoɓon da ake lodawa a Dawanau ana kai shi har Meziko, jan launinsa da tsaminsa ake saye, su ma sinadaran tsiro ne. Kafin ku sare bagaruwa ko ɗorawa don itacen girki, ku lissafa abin da take bayarwa kowace shekara. In akwai dattijon da ya taɓa aikin karofi ko jima a garinku, ku sa yaranku 'yan makaranta su zauna da shi su rubuta yadda ake yi tun yana da rai, domin ɗan da ya haɗa wannan da kimiyyar da ake koya masa a aji, shi ne zai iya riƙe mana abin da ya rage.